Tumbi Ya Ragu, Yunwa Ta Dawo: Rayuwa Bayan Tiyatar Rage Ƙiba

Bahaushe ya daɗe da raba yunwa da kwaɗayi. Mai jin yunwa ana tausaya masa, a miƙo masa kwano. Mai kwaɗayi kuwa harara yake sha, a bi shi da cewa kwaɗayi mabuɗin wahala. Wannan rabon yana da amfani wurin tarbiyyar yara, amma akwai wasu bayin Allah da yake cutarwa ba a sani ba, wato waɗanda aka yi wa tiyatar rage ƙiba. Wasunsu a asibitocin kuɗi na Legas ko Abuja aka yi musu, wasu kuma sun haɗa kuɗin jirgi sun tafi Indiya, Masar ko Turkiyya, bayan sun shafe shekaru suna fama da ciwon suga, hawan jini, ciwon gwiwa da minsharin da ke ɗauke numfashi cikin barci. A watannin farko bayan aikin, mutum sai ya wuni bai tuna da abinci ba sai an tuna masa, har ya fara cewa shi da yunwa sun yi hannun riga. Can wata rana, bayan shekara ɗaya ko ɗaya da rabi, ya farka tsakar dare ya ji cikinsa yana kira kamar da, ko ya wuce ta gaban mai ƙosai ƙamshin ya tsaya masa a rai har gida. Nan tsoro yake shiga. Aikin ne ya lalace, ko kuwa ni ne ba ni da zuciya? Da yawa amsa ta biyu suke ɗauka, su ɓoye wa kowa, har likitan da ya yi musu aikin. A ganina wannan ɓoyon ya fi yunwar kanta ɓarna, domin kusan kowace irin yunwa da ke zuwa bayan tiyata tana da sanadin da aka sani, kuma akwai abin yi a kanta.

Sai mun fara sanin abin da wuƙar likita ta taɓa. Tumbin babban mutum yana ɗaukar lita ɗaya zuwa ɗaya da rabi. Aiki iri biyu aka fi yi a yau. Wanda ya fi yawa a duniya shi ne a yanke kusan kashi 80 cikin 100 na tumbin a fitar, a bar siririn abu mai siffar ayaba. Likitoci suna ce masa silib. Ɗayan shi ne baifas, kuma sunan ya dace da shi, don kamar titin da ke zagaye gari yake: a keɓe 'yar jaka a saman tumbi wadda ba ta wuce girman ƙwai ba, a jona ta da ƙaramin hanji, abinci ya tsallake sauran tumbin da farkon hanjin. Edward Mason na Jami'ar Iowa a Amurka ne ya fara yin baifas saboda ƙiba a 1966, kuma an yi shekaru masu yawa ana ɗauka cewa sirrin aikin bai wuce ƙanƙantar da wurin zuba abinci ba.

A 1999 Masayasu Kojima da Kenji Kangawa a Jafan suka gano wani sinadari da tumbi yake sakewa cikin jini, girelin, wanda ke tashi kafin lokacin cin abinci ya je ya sanar da ƙwaƙwalwa cewa a nemo. Mafi yawansa daga saman tumbi yake fitowa, daidai ɓangaren da ake cirewa a aikin silib. A baifas kuma abinci yana isa can ƙasan hanji da wuri, sai hanjin ya saki sinadaran ƙoshi, GLP-1 da PYY, fiye da yadda ya saba. Shi ya sa wanda aka yi wa aikin yake cin cokali uku ya ji kamar ya tashi daga walima. Wasu har ɗanɗanonsu yana canjawa, shayin da suka saba sha da sukari cokali huɗu ya koma yana hawa musu kai saboda zaƙi.

Don a ga girman wannan sauƙin, a dubi abin da ke samun mai rage ƙiba da ƙin cin abinci kawai. A 2011 masu bincike a Melbourne ta Ostireliya suka buga sakamakon bibiyar mutanen da suka rame ta hanyar tsananin rage abinci na mako 10. Bayan shekara guda cur, girelin ɗinsu yana nan sama da inda yake kafin su fara, yunwarsu ma haka. Jiki ba ya kallon ramewa a matsayin nasara, fari yake ɗaukarta, sai ya tashi tsaye ya kare kitsensa. Tiyata tana danne wannan faɗan na wani lokaci, amma ba ta kashe shi. Sannu a hankali tumbi yana ɗan sakewa, kumburin aiki ya tafi, sinadarai su nemi sabon daidaito, yunwa ta leƙo. Babban binciken da aka fara a Siwidin a 1987, wanda ya bi mutum sama da 2,000 da aka yi wa tiyata, ya nuna cewa ramewa tana kai maƙura tsakanin shekara ta farko da ta biyu. Waɗanda aka yi wa baifas sun zubar da kusan kashi 32 cikin 100 na nauyinsu a lokacin, bayan shekara 10 kuma ya tsaya a wajen kashi 25. Wato dawowar ɗan nauyi da ɗan yunwa yana cikin tafiyar tun asali, kuma waɗannan mutanen, duk da abin da ya dawo, sun fi takwarorinsu da ba a yi wa aikin ba tsawon rai. Da a ce ana faɗa wa kowa wannan tun kafin ya hau gadon tiyata, da an rage kukan dare da yawa.

To, idan ciki ya yi kira, wace ce take sallama? Yunwar gaskiya tana da kamanni. A hankali take zuwa, bayan awa uku ko huɗu da cin abinci, kuma ba ta zaɓe: dafaffen ƙwai ma ya ishe ta. Wannan ba abokiyar gaba ba ce, amsa mata ake yi. Kuskuren da ake yawan yi shi ne mutum ya ji tsoronta ya tsallake karin kumallo da abincin rana, wai don ya taimaki aikin. A 1944 zuwa 1945 Ancel Keys ya yi gwaji a Minnesota da maza 36 lafiyayyu waɗanda suka yarda a rage musu abinci na tsawon mako 24. Mutanen da a da abinci bai dame su ba suka koma ba su da hira sai tasa, suna mafarkinsa, wasu suna tara littattafan girki. Horon ciki da yunwa shi ke haifar da kwaɗayi mafi tsanani, kuma wanda ya wuni bai ci ba shi ne dare zai same shi a gaban kwalin biskit.

Akwai kuma masu shigowa da rigar yunwa alhali ba ita ba ce. Ta farko ƙishirwa. Sabon tumbi ba ya karɓar kofi guda a zuƙa ɗaya, kurɓa ake yi, ga shi ana son mutum ya sha lita ɗaya da rabi zuwa biyu a wuni. A zafin bazara na Kano ko Maraɗi wannan aiki ne na wuni sukutum, kuma wanda ya yi sake jikinsa ya bushe zai ji kasala da wani rami a ciki ya ɗauka abinci yake so. Ta biyu ƙwannafi. Ruwan tsamin ciki idan ya yi yawa yana kawo wani cizo a ƙahon zuciya mai kama da yunwa sak, wanda ke lafawa da an ɗan ci wani abu, ya dawo bayan rabin awa. Aikin silib ya shahara da tayar da ƙwannafi, kuma sau da yawa maganin rage tsami irin su omefirazol, bisa umarnin likita, shi ke kashe wannan yunwar ƙaryar cikin 'yan kwanaki. Bayan baifas kuwa gyambo yana iya fitowa a wurin jonin, musamman ga mai shan taba ko mai haɗiyar magungunan ciwon jiki irin su ibufurofen da dikulofenak, waɗanda mu nan ake saye a kemis kamar gyaɗa. Duk cizon cikin da ya ƙi tafiya, asibiti yake so.

Ta uku ita ce ta fi rikita mutane, kuma ta cancanci a tsaya a kanta. Idan wanda aka yi wa baifas ya sha abu mai zaƙi, a ce lemon kwalba ko kunu mai sukari, zaƙin yana zubowa cikin hanji gaba ɗaya babu mai tare shi. Cikin minti 10 zuwa 30 zai iya jin bugun zuciya, zufa, murɗawar ciki da gudawa. Wannan kashin farko ke nan. Kashi na biyu yana zuwa bayan awa ɗaya zuwa uku: sukarin jini da ya yi tsalle sama ya sa jiki ya saki insulin fiye da kima, sai sukarin ya faɗo ƙasa warwas. Hannu ya kama rawa, ido ya yi duhu, zufa ta karyo, ga wata yunwa mai kama da hauka wadda ba ta son komai sai zaƙi. Mutum ya sha, ya ji daɗi, bayan awa biyu abin ya maimaita kansa. Mai kallo daga gefe zai ce kwaɗayi ne ya yi masa yawa, alhali jininsa ne yake hawa da sauka. Idan ya faru, ana ɗaga sukarin da abu kaɗan, kamar rabin kofin ruwan lemo, sannan a bi shi da abu mai riƙe ciki irin ƙwai ko gyaɗa. Maganinsa na asali kuwa shi ne a daina buɗe masa ƙofa da zaƙin farko, a kuma gaya wa likita, domin faɗuwar sukari a kan babur ko a bayan sitiyari ba abin wasa ba ne.

Wani abin ma ya fi wannan ban mamaki. Akwai wadda za ta tsinci kanta tana tauna ƙanƙara kofi bayan kofi, ko ranta ya riƙa biya mata farar ƙasa kamar mai juna biyu. Wannan alama ce sananniya ta ƙarancin sinadarin ayon a jini, kuma baifas yana tsallake daidai ɓangaren hanjin da ya fi tsotse shi. Mata masu al'ada su suka fi shiga wannan hali. Gwajin jini da maganin ƙarin jini sukan kawar da sha'awar gaba ɗaya. Shi ya sa ƙwayoyin bitamin da ake rubutawa bayan aikin, da B12 da ayon da kalsiyam da bitamin D, na har abada ne, ba a ajiye su don an ji sauƙi.

Idan an tsame waɗannan duka, sai a zo kan yunwar da ba a tumbi take ba. Ita farat ɗaya take zuwa, kuma da sunan abin da take so a bakinta: cincin, tsire, shayi mai kauri, ba wani abu ba. Tana da lokutanta, bayan an yi faɗa da maigida, ko bayan yara sun yi barci gida ya yi tsit, ko ranar da kasuwa ta ƙi. Mutumin da ya yi shekara 20 yana lallashin zuciyarsa da abinci, an wayi gari an ɗauke masa abin lallashin, ba a ɗauke abin da ke sa shi neman lallashi ba. Wasu har wani irin makoki suke yi wa abinci a watannin farko, su zauna a gaban faranti hawaye na zuba, su kuma ji kunyar faɗa, don kowa yana taya su murna. Ni ban ga abin kunya a nan ba. Rashi ne na gaske, kuma wanda aka bari shi kaɗai da shi yakan nemi wata mafaka. A wani babban bincike a Amurka wanda Wendy King ta Jami'ar Pittsburgh ta jagoranta, kusan mutum ɗaya cikin biyar na waɗanda aka yi wa baifas sun nuna alamun matsalar giya cikin shekara biyar, domin bayan aikin giya tana shiga jini da sauri da ƙarfi. Wanda ba ya sha ma ya kula da kansa wurin magungunan barci da na kashe zafi. Baƙin cikin da ya zauna ya ƙi tashi, ko tunanin cutar da kai, magana ce ta likitan ƙwaƙwalwa a ranar, ba gobe ba.

Abin da ke ba da ƙarfin gwiwa shi ne irin wannan sha'awar ba ta dawwama. Alan Marlatt, masanin halayyar ɗan Adam a Jami'ar Washington wanda ya yi aiki da masu fama da shaye-shaye, ya koya wa mutane su lura da yadda take tasowa, ta kai ƙololuwa, ta sauka da kanta idan ba a biye mata ba. Kamar guguwar rani take, ta tada ƙura ta wuce. Mutum ya ce wa kansa bari in ba ta minti 15, ya kurɓi ruwa, ya fita tsakar gida, ya yi alwala, ya kira 'yar'uwarsa a waya. Idan bayan haka har yanzu tana nan, ya tambayi kansa ko zai ci dafaffen ƙwai. In zai ci, yunwa ce, ya ci. In kuwa sai dai cincin, to ya san da wa yake magana. Ban yarda da masu cewa a haramta wa kai wani abinci har abada ba, sai wanda yake jawo faɗuwar sukari. Yanka biyu na tsire a faranti, a zaune, a tauna da kyau, sun fi alwashin da za a karya a ɓoye a ci ninki uku.

Hanyar da nauyi ya fi bi ya dawo ba babban faranti ba ce, don tumbin ba zai ɗauka ba. Ciye-ciye ne. Biskit, cincin, alawa, askirim, shayi mai madara da sukari, fura da aka dama da sukari, duk suna narkewa su sulale ta cikin ƙaramin tumbi ba tare da sun cika shi ba. Loma ɗaya yanzu, ɗaya an jima, kafin magariba an ci abin da ya fi kwanon tuwo ba a taɓa jin an ƙoshi ba. Abin takaicin shi ne abincin da ya fi amfani shi ya fi wuyar shiga. Nama yana tsayawa a ƙirji idan ba a tauna shi sosai ba, burodi da shinkafa da tuwo suna cunkushewa, sai mutum ya gudu wurin mai sauƙin haɗiya. Dabarar da masana abinci suke koyarwa ita ce a fara da abinci mai gina jiki kafin komai, a nemi giram 60 zuwa 80 na furotin a wuni. Ƙwai ɗaya yana da wajen giram 6, tsokar kaza dafaffiya mai nauyin giram 100 tana da wajen 30. Ba sai an sayi garin gwangwani mai tsada daga waje ba: kifi, alale, awara, wake da ya dahu luguf, kindirmo marar sukari, naman da aka dafa ya yi laushi a miya, duk suna bakin ƙofa. Bayansu ganye, zogale ko alayyafo, sannan in da sauran wuri a sa lomar tuwo. A ci a zaune, a ƙaramin faranti, cikin minti 20 zuwa 30, sau uku a wuni da ɗan abin taɓawa ɗaya ko biyu da aka tsara tun safe. Kada a haɗa ci da sha. A bar rabin awa tsakani, don ruwa yana wanke abincin ya tura shi gaba, yunwa ta dawo da wuri.

Barci ma yana da hannu a ciki. A wani gwaji a Jami'ar Chicago a 2004, an bar samari 12 su yi barcin awa huɗu kacal dare biyu a jere. Girelin ɗinsu ya tashi da kashi 28 cikin 100, sinadarin leftin mai sanar da ƙoshi ya sauka da kashi 18, ransu kuma ya fi biya musu kayan zaƙi da na gari. Mai raba dare a kan waya yana sayo wa kansa yunwar gobe.

Sai maganar gida, wadda a wurinmu ta kai rabin matsalar. Mu mutane ne da ke nuna ƙauna da abinci. Ka je gidan gwaggo ka ci loma uku ka tsame hannu, za ta ce, "Ɗan nan, ko raina girkina ka yi?" Matar da ta rame a unguwa kuwa sai an tambaye ta, "Hajiya, lafiya kuwa? Ko maigidan ne ba ya kula da ke?" Ga biki, ga suna, ga kwano ɗaya da ake haɗuwa a kai, inda mai ci a hankali yake tashi da yunwa ko ya yi sauri ya je ya amayar. Ba dole ne kowa ya san an yi wa mutum aiki ba, amma ya kamata a samu mutum ɗaya ko biyu a gida da suka san komai, waɗanda za su tare masa: "Ku ƙyale ta, likita ne ya tsara mata." Su kuma 'yan gida su sani cewa sa ido a farantinsa da tambayar "wannan ma za ka ci?" ba taimako ba ne, shi ke koya wa mutum ci a ɓoye. Taimakon da ake so shi ne a daina jibge lemon kwalba da biskit a ɗaki, a zuba masa nasa daban, a bar shi ya gama a lokacinsa.

Azumi ma yana buƙatar shawara tun kafin watan ya kama. Likitoci da yawa suna ba da shawarar kada a yi shi a watanni 6 zuwa 12 na farko, saboda wanda ba ya iya shan ruwa da yawa a lokaci guda ba zai rama na wuni tsakanin magariba da asuba cikin sauƙi ba, kuma addini ya yi wa marar lafiya rangwame. Wanda likita ya yarje masa kuma ya yi hattara da buɗa-baki, don kunu mai sukari da zoɓo mai zaƙi a kan tumbin da ya wuni fayau su ne ainihin abin da ke jawo zufa da rawar jikin nan. Dabino ɗaya da kurɓin ruwa, a yi salla, a dawo a ci mai gina jiki, a ci gaba da kurɓa har sahur.

Idan an yi duk wannan yunwa ta ci gaba da ƙaruwa, nauyi yana hawa wata bayan wata, har yanzu ƙofa ba ta rufe ba. Likita zai iya leƙa cikin da na'ura ya ga ko jakar ko wurin jonin ya buɗe, wani lokaci a gyara. Akwai kuma alluran da ke kwaikwayon GLP-1, irin su Wegovy da aka amince da shi a Amurka don rage ƙiba a 2021, da Mounjaro da ya biyo baya, waɗanda yanzu ake ba wasu da tiyata kaɗai ba ta ishe su ba. Suna da tsada, akwai jabunsu a kasuwa, kuma ba a fara su sai a hannun likita. Wanda aka yi wa aiki a ƙasar waje ya dawo gida babu mai bibiyarsa shi ya fi kowa buƙatar ya nemi likita a kusa tun bai ga matsala ba, ya kai masa takardar da ta faɗi irin aikin da aka yi, ya riƙa gwajin jini aƙalla sau ɗaya a shekara. Ranar zuwa asibitin kuma ya tafi da 'yar takarda da ya rubuta na kwana bakwai: ƙarfe nawa yunwar ta zo, me ya ci kafin nan, ruwa nawa ya sha, awa nawa ya yi barci, da abin da ke ransa a lokacin.